Ɓarawo Mai Gudun Ruwa

Da sanyin safiyar ranar da za a yi karon ƙarshe na gasar kokawa aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Bagudo cewa an sace bijimin da za a ba zakara.

Zayyanu ne ya kawo ƙarar, jami'in kamfen ɗin wani Onarabul mai neman kujerar majalisar tarayya. Onarabul ɗin ne ya sa gasar a wani ƙauye na ƙasar Kaoje, shi ya sayi bijimin, kuma da la'asar zai zo da kansa ya miƙa igiya a gaban jama'a. Duk kamfen ɗinsa a kan abu ɗaya yake, wato a toshe iyaka, a kori baƙin haure.

Zayyanu ya shigo da hular hana-sallah mai hoton maigidansa, yana magana kamar rediyon da aka manta ba a kashe ba. Bai tsaya ga ƙara ba, har da sunan ɓarawo ya taho. Ya ce Arzika ne, ɗan kokawar nan da aka cire daga gasa saboda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa. Ya ce da idonsa ya gan shi da asuba yana jan sa ya nufi tsallaken iyaka, kuma tuni 'yan banga sun kama shi. Ya ƙara da cewa ya kira jami'an shige da fice, za su zo su mai da shi Benin bayan an nuna shi a wurin taro.

Sufeto Bunyaminu ya saurare shi har ya gaji don kansa. Shi mutum ne da ba ya son a tauna masa abinci. In aka kawo masa ƙara da ɓarawo a faranti ɗaya, nan take zuciyarsa take fara tambaya.

"Ka gan shi yana jan sa, me ya hana ka yin ihu?"

"Yallaɓai, Arzika fa! Wa ka tare wanga ƙato?"

"Ban ce ka tare shi ba. Na ce ihu."

Zayyanu ya gyara hula, ya ce tsoro ne ya riƙe masa murya. Sufeto ya dubi bakin da tun shigowarsa bai rufu ba, ya ce to, Allah ya ƙara lafiya.

Ya ɗauki Kofur Lauwali, ɗan yankin, suka hau mota.

Sun tarar da Arzika a zaune a rumfar 'yan banga, an ɗaure masa hannu da igiyar awaki, igiyar da in ya yi miƙa ma za ta tsinke. Matarsa Safina na tsaye a bakin rumfa da goyo, idonta ya kumbura. Ita ce ta fara magana. Ta ce mijinta ya kwana a gulbi wurin kamun kifi da koma, da gari ya waye ya dawo da kifi, ko ajiyewa bai yi ba aka yi masa taron dangi. Ta ce ba shi da kowa a tsallake. Yana ƙaramin yaro ambaliya ta cinye tungarsu da ke can, jirgin ruwa ya kawo shi nan, nan ya girma, nan ya yi aure. In an jefa shi can, wurin wa za shi?

Sufeto ya tsuguna gaban Arzika.

"Kai ka ɗauki sa?"

"Ban ɗauka ba, Yallaɓai."

"Wa ya gan ka a gulbi?"

"Kifi kaɗai."

Kofur Lauwali ya ƙunshe dariya. Shugaban 'yan banga ya miƙo wani kambu na jar fata, irin layar da 'yan kokawa ke ɗaurawa a damtse, ya ce a gindin turken sa aka tsince shi. Arzika bai musa ba, ya ce nasa ne, amma tun ranar da aka cire shi ya bar shi rataye a rumfar 'yan kokawa, baƙin ciki ya hana shi komawa ɗauka.

Sufeto ya juya kambun a hannu. Igiyarsa ba ta tsinke ba, a ƙulle take tsaf. Abin da ya faɗo daga damtsen mutum yana kokawa da bijimi ba haka yake faɗowa ba.

Daga turke suka bi sawu. Damina ta yi nisa, gulbi ya yi amai a fadama, duk gonakin shinkafa ruwa ne kwance nan da can. Sawun sa ya fito raɗau, ya miƙe ɗoɗar ta cikin taɓo da kududdufai. Sawun mutumin da ke jan sa kuwa, shi ne ya tsayar da Sufeto.

Ƙafa ce babba, ba takalmi, babban yatsan hagu ya buɗe gefe. Amma duk inda ruwa ya kwanta, sai sawun ya kauce, ya hau kunyar gona, ya zagaya, ya sake haɗuwa da na sa a gaba. A wani wuri ma an ga inda mutumin ya yi tsalle, diddigensa ya nutse a busasshiyar ƙasa.

"Lauwali, ka taɓa ganin ɓarawo mai tsantsani?"

Kofur ya ce bai taɓa ba. Sufeto ya ce shi ma haka. Mutum ya saci sa, gari na shirin wayewa, amma yana da lokacin kewaye ruwan da bai kai idon sawu ba? Kuma wai masunci, wanda rabin rayuwarsa a jiƙe yake! Abin ya yi masa daɗi har yana murmushi, domin shi ba abin da ke burge shi irin abin da bai gane ba.

Sawun ya kai su bakin wani rafi da ke gangarawa gulbi. Daga tsallakensa daji ne har iyakar Benin. Nan sawun mutum ya tsaya cak, ya yi ta kai da kawo a kan gaɓa, ga guntayen hoge, wato dunƙulen ƙasa, da aka yi ta jifa da su. Can tsakiyar rafin, a kan wani ɗan tudu mai ciyawa, ga bijimin Onarabul yana kiwo hankali kwance, igiya na ja a ƙasa. Ruwan da ke tsakaninsu da shi ko gwiwa bai kai ba.

Kofur ya fara naɗe wando. Sufeto ya ce ya bari, sa ba inda za shi. Ya kuma gargaɗe shi kada ya gaya wa kowa an gan shi.

Suka koma gari wurin Sarkin Kokawa, Baba Safi, tsoho mai kunnuwa a murɗe saboda tsohon karo. A wurinsa Sufeto ya ji abin da Zayyanu bai faɗa ba. An cire Arzika, gaskiya ne, kuma da an bar abin haka, da abokin karonsa Kanta ya ci sa a zaune. Amma jiya da yamma dattawan fage suka taru suka ce ba a taɓa ba da sa ba tare da bayan wani ya taɓa ƙasa ba, kuma fage bai san takarda ba. Ko a mai da Arzika, ko makaɗa su naɗe gangunansu. Onarabul kuwa ba zai so taro ba kiɗa ba.

"Kanta ya ji wannan hukunci?"

"A gabanai anka yanke. Nan take ma ya ce in dafa shi."

Sufeto ba ɗan yankin ba ne, ya nemi bayani. Tsohon ya ce dafawa ita ce a shafe ɗan kokawa da garin sassaƙe da man shanu daren karo. Daga nan har a tashi daga fage a warware masa, ruwan gulbi ba ya taɓa jikinsa, ko na fadama, tunda duk ɗiyan gulbi ne. Alwala da ruwan rijiya yake yi. Ruwa mai tafiya, in ji shi, tafiya yake da magani, kuma ba maganin kaɗai ba, har ƙarfin mutum, ba ya dawowa.

"Arzika fa, an dafa shi?"

Baba Safi ya yi dariya har da tari. Ya ce wanda ke cin abinci a cikin ruwa, ina shi ina maganin da ke gudun ruwa? Arzika bai taɓa yarda ba.

Sufeto ya yi godiya. A hanya ya ce wa Kofur shi bai san ko sassaƙe na ƙara ƙarfi ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Abin da ya dame shi, wane ne ya yarda da haka har cikin zuciyarsa.

Sun sami Kanta a ƙofar gidansu yana shan fura, jikinsa na sheƙi, yana warin man shanu. Ya ce tun bayan isha'i bai fita ba, fadama kuwa rabonsa da ita tun shuka. Ya ma nuna tausayin Arzika, ya ce baƙo dai baƙo ne. Sufeto ya gyaɗa kai, ya ce shi ba tuhuma ta kawo shi ba, taimako yake nema. An ga sa, amma ya fi ƙarfin 'yan sanda, sai ƙato irinsa.

Kanta ba shi da hanyar ƙi. Ya shige gaba, Sufeto ya bi shi a baya, idonsa a ƙasa.

Kududdufin farko, Kanta ya hau kunya ya zagaya. Na biyu, haka. Da suka zo wurin nan mai faɗi, bai ko tsaya dubawa ba, ya daka tsalle ya dira daidai inda aka dira da asuba. Sabon sawu ya kwanta kusa da tsoho, babban yatsan hagu a buɗe.

A bakin rafi Sufeto ya nuna bijimin.

"Bismillah. Taku kaɗan ne."

Kanta ya dubi ruwan. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Sufeto ya ce ai yanzu ya ga ta yi tsalle. Kanta ya ce akwai kada. Kofur Lauwali ya shiga ya tsaya a tsakiya, ruwa a ƙwaurinsa, yana dubansa.

"Ban iya shiga, Yallaɓai. An dafa ni."

"Na sani. Da asuba ma ba ka iya ba. Shi ya sa ka tsaya nan kana jifan sa da hoge, kana so ya haye shi kaɗai, a ce Arzika ya kai shi Benin. Shi kuwa ya ga ciyawa."

Ƙaton nan sai ya zauna daɓas a kan gaɓa. Wallahi abin tausayi, mutum kamar rumbu yana kuka ba sauti.

Bai wahalar da su ba. Ya ce sau uku suna karo da Arzika, sau uku yana shan ƙasa. Jiya bayan hukuncin dattawa Zayyanu ya same shi, ya ce ga yadda za a yi: shi Kanta ya samu sa ba karo, Onarabul kuma ya samu baƙon ɓarawon da zai nuna wa jama'a da 'yan jarida. Kanta ya ce shi ya ɗauko kambun daga rumfa ya ajiye a turke.

"Da ka ƙi fa?"

Kanta ya share hawaye. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa.

"Zayyanu ya samo mini takardata ta bayan gida. Ya ce in na ƙi, zai faɗi inda anka haihe ni. Yallaɓai, ni da Arzika jirgi ɗaya ya kawo mu. Shi ya riƙe ni a cinya har munka iso."

Sufeto Bunyaminu ya ji abin har cikin ransa, kuma ya ji haushi. Ya sa masa ankwa. Kofur ya jawo sa ba tare da wata wahala ba.

Kafin la'asar an cika fage, ganguna na tashi, an rataye hotunan Onarabul a kowane icce. A bakin rumfar 'yan banga suka tarar da Zayyanu yana yi wa jami'in shige da fice bayani da hannu da ƙafa. Da ya hango bijimin, ga Kanta da ankwa, sai rediyon ya mutu. Ya fara cewa a bari ya kira Onarabul. Sufeto ya ce ya kira shi daga ofis, akwai caji. Kofur ya haɗa hannun Zayyanu da na Kanta a ankwa.

Aka kwance Arzika. Safina ta durƙusa tana godiya, goyonta na kuka.

Jami'in shige da ficen mutum ne mai natsuwa. Ya ce tunda ba laifi a kansa, ba wanda zai jefa shi mota yau. Amma zama ba takarda ba zai ci gaba ba, sai ya zo ofis da mai gari ya tsaya masa a yi masa rajista. Sannan ya ce akwai tambaya ɗaya da dole ya yi, kuma ya faɗi gaskiya, don kada ta dawo ta cije shi.

"Lokacin da ka shigo ƙasar nan, kai da wa kuka zo?"

Kanta na tsaye a jikin motar 'yan sanda, kansa a sunkuye. Laifin sata, zai yi zaman gidan yarinsa ya fito ya koma gidansa. Amma kalma ɗaya daga bakin Arzika, in ya fito ba gidan da zai koma.

Arzika ya dubi Kanta, ya daɗe yana dubansa, yana murza wuyan hannunsa inda igiya ta kwanta.

"Ni kaɗai na zo, ranka ya daɗe."

Jami'in ya juyo wajen Sufeto, ko yana da abin ƙarawa. Sufeto Bunyaminu ya ce shi ƙarar sa aka kawo masa, kuma ga sa.

Kofur Lauwali ya buɗe bayan mota. Zayyanu ya hau yana ta rantse-rantse. Kanta ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya waiwayo kamar zai yi magana. Arzika ya riga ya juya baya, ya karɓi yaron daga hannun Safina ya ɗora a kafaɗa.

Aka tura Kanta ciki, aka rufe ƙofa, mota ta tashi.