Kiran Da Bai Yanke Ba

Rana ta riga ta faɗi lokacin da Ungozoma ta tuna ta bar shanyarta a saman bene. Tun da ta ajiye aikin asibiti take haya a hawa na biyu na wannan gida, ita kaɗai, maƙwabta kuma ba su daina kiranta da sunan sana'arta ba. Ta ɗauki bokiti, ta soke wayarta a gefen zane, ta kama matakala tana dafa bango.

Saboda Auta ne ba ta rabuwa da wayar. Shi kaɗai ya rage mata. Yana aiki a wata ƙasa mai nisa, ta intanet kuma yake kiranta, ranar da ya ga dama. Kiran nasu kuwa wahala ce zalla. In ta yi magana, sai muryarta ta ɗauki lokaci kafin ta isa gare shi; ta zaci bai ji ba, ta maimaita, daidai lokacin da amsarsa ta iso, su yi karo. Su yi shiru tare, su sake farawa tare. Wani lokaci muryarsa ta koma kamar ta mai magana a cikin gwangwani, wani lokaci rabin zancensa ya ɓace.

"Mama, gutsuri-gutsuri ake aiko murya," ya taɓa ce mata cikin ƙosawa. "In hanya ta cunkushe, wasu su makara, wasu su zube."

"Waɗanda suka zube ɗin, wa ke tsince su?"

"Kai, Mama! Sabis ɗinku ne ba kyau. Zan sake kira."

Ita kuwa akwai magana a bakinta. Likita ya ga ƙari a cikinta, ya ce sai an yi aiki, ya ce ta zo da wani nata. Sau da dama ta ɗauko zancen, layin ya tsinke a tsakiya. Macen da ta tsufa a ɗakin haihuwa ta san naƙudar gaskiya, ta san ta ƙarya. Don haka ta fara zargin ba kowace yankewa ce laifin sabis ba.

Ba a ƙarasa ginin saman benen ba. Gefe uku akwai katanga, na huɗu babu, sai rodi tsirara masu tsatsa. Wurin na warin jiƙaƙƙen siminti da hayaƙin janareto. Tankin ruwa yana ɗiga, ɗis, ɗis. Ta fara sauke kaya daga igiya ke nan, wayar ta yi ƙara.

"Mama."

Murya tas, kamar yana tsaye a kafaɗarta. Ba shuu, ba gwangwani.

"Auta? Yau wace rana! Ina jin ka garau."

"Ni ma ina jin ki. Faɗa mini, Mama. Ba sauri nake ba."

Rabon da ta ji wannan daga bakinsa har ta manta. Ta ajiye bokitin. Ta faɗi ciwon, ta faɗi likita, ta faɗi yadda take kwana zaune tana riƙe da ciki. Ko harafi ɗaya bai zube ba. Bai katse ta ba, bai yi hamma ba.

"Sannu, Mama. Zan zo. Ni zan riƙe hannunki."

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

"Muryarki ta ɗan yi ƙasa," in ji shi. "Matsa gaba kaɗan. Can sabis ya fi."

Ta matsa.

"Ƙara matsawa."

Ta ƙara. Zanen gado da ke kan igiya ya shafi fuskarta, sanyi ƙalau, ta ture shi ta wuce.

"Auta, yaran suna..."

"Lafiyarsu lau, suna gaishe ki."

"Ita kuma matar taka..."

"Ita ce ma ta ce in zo."

Nan ta tsaya cak. Amsar Auta daga nesa take tahowa, a makare, a gajiye. Ba ta taɓa riga tambaya ba. Wannan kuwa tana fitowa kafin ta rufe baki.

Ta kasa kunne irin yadda take sauraron bugun zuciyar ɗan tayi. Sai ta ji ɗinkin. "Mama" ɗin da muryar mura aka faɗe shi. "Zan zo" da dariya a cikinsa, da ƙarar mota a bayansa. Kowace kalma daga rana daban, an harhaɗa su kamar tsumma.

Gutsattsarin da suka zube ne. Wani ya tsince su.

Tankin ya daina ɗiga. Ba ta jin janareto.

A hankali ta sauke wayar daga kunnenta. Fuskar wayar baƙa ƙirin. A mace take.

"Me ya sa kika cire ni, Mama?"

Ba daga wayar ba. Daga gabanta. Daga inda babu daɓe.

Ta dubi ƙasa. Yatsun ƙafarta ta dama sun wuce bakin simintin. Takalminta ya suɓuce.

Ta jira.

Ta jira.

Sannan ta ji ya faɗi, can ƙasa.

"Taku ɗaya," muryar ta raɗa mata. Wani numfashi mai warin tsohuwar rijiya ya taɓa goshinta. "Shi ba zai zo ba. Ni na saurare ki."

Ta buɗe baki za ta yi a'uziyya. Harshenta ya yi nauyi. Addu'ar ta fito a yanke, guntu-guntu. Ta sake. Ta sake.

Ta zube da baya. Rodi ya yage mata ƙauri.

Ta ja jiki da gwiwa.

"Mama." Muryar jariri.

"Mama." Muryar ɗan makaranta.

"Mama." Muryar saurayi, ranar da ya tafi.

Ba ta waiga ba. Hannunta ya sami ƙofa, ta gangara matakala kamar buhu.

Maƙwabciyarta, matar direba, ita ta fito ta same ta a kwance, jini na bin ƙafarta.

"Innalillahi! Ungozoma, wa ya aike ki sama a wannan lokaci?"

"Rufe ƙofar can," kawai ta iya cewa.

Bayan 'yan kwanaki Auta ya kira. Muryarsa ta zo a makare, a yayyanke, ta san shi ne.

"Auta, za a yi mini aiki," ta ce.

Can ya ce: "Ba na jin ki, Mama. Tunda dai kuna lafiya, zan sake kira."

Dariyar matarsa da ƙarar talabijin a bayansa, su ba su yanke ba.

Matar direba ce ta zauna a bakin ɗakin tiyata, ita ta riƙe hannunta. Da Ungozoma ta warke har ta iya taka matakala, ta aika aka sayo mata kwaɗo babba, ta garƙame ƙofar saman benen. Ta damƙa wa matar direba makullin.

"Duk mai shanya ya karɓa a wurinki. Amma ni, ko na roƙe ki, ko na yi miki kuka, kada ki ba ni."

"Haba, Ungozoma, har yanzu tsoron wurin kike ji?"

"Da tsoro ne, yarinya, da ban sayi kwaɗo ba. Kaina na sani. In mai muryar nan ya sake kira, zan hau."