Taraktar Da Ta Tafi Ba Kafireta

Ranar Laraba da hantsi Orville Brandvold ya dawo daga asibitin birni, inda aka yi wa matarsa aikin ido, ya tarar da kwaɗon rumfar aikinsa a yanke. Ƙaramar jar taraktarsa ta lambu, ƙirar 1958, wadda ya shekara huɗu yana gyarawa, babu ita babu dalilinta. Saura kwana uku a yi bajekolin tsofaffin tarakta na garin Halvor Creek.

Marlys Tollefson aka turo, 'yar sanda daga ofishin gunduma. Ta kai minti ashirin a tsaye da littafi a hannu ba ta rubuta komai ba sai sunan tsohon, domin duk tambayar da ta yi sai ya ba ta amsar wata.

"Baba Orville, yaushe rabonka da ita?"

"Kin san guda nawa suka rage irinta? Fentin nan kaɗai sau uku ina kankarewa ina sakewa."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Litinin da yamma. Talata da asuba muka tafi asibiti, can muka kwana."

"Makullinta fa, yana jikinta?"

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Wane makulli, 'yar nan? Ba ta da makulli, ba ta da batir. Igiya ake naɗa wa injin a fizga. Kuma ko wa ya fizga ba za ta tashi ba. Zo ki gani."

Ya ja ta zuwa kicin. A kan teburin cin abinci akwai wani gwangwanin kofi, a cikinsa kafiretar taraktar ce, wato abin da ke haɗa wa inji mai da iska, jiƙe cikin ruwan wanki, an warware ta ɗaiɗai.

"Tun Juma'a na cire ta. Turawa suka yi. Ƙarti ne, aƙalla biyu, kuma na san wanda ya turo su. Duane Pickerel. Rubuta."

Marlys ba ta rubuta ba. Ta koma waje ta bi sawu. An yi ruwa daren Litinin, ƙasa ta jiƙa, sawun tayoyi ya fito raɗau daga ƙofar rumfa, ya hau gangare taku ɗari biyu har bakin titin tsakuwa, inda aka ga alamar an tsayar da tirela. A tsakiyar gangaren tayoyin baya sun haƙa ƙasa sun watsa taɓo. Ta duba hagu da dama, ba sawun ƙafa ko ɗaya. Abin da aka tura ba ya watsa taɓo, kuma mai turawa ba ya tashi sama.

A ƙasan rumfar, inda taraktar take tsayawa, ta tsinci 'yan guntayen kwali mai launi da aka yanke da almakashi, ɗaya da rabin huji a jikinsa. Ta zuba su a leda.

Maƙwabciyarsa, gwauruwa mai suna Ione Kettleson, ba ta ga komai ba, domin masara ta yi tsawo tsakanin gidajen. Amma ta ji.

"Wajen ƙarfe biyu na rana, jiya. Tuf-tuf-tuf ɗin nan nasa da ke hana ni barcin rana. Na ce a raina, wato matarsa na kan gadon asibiti shi yana nan yana wasa da abin wasansa."

Da Marlys ta gaya wa Orville cewa tuƙa taraktar aka yi, sai ya ce kunnen Ione ya mutu tun kafin mijinta. Ta nuna masa taɓon. Ya ce taɓo ba ya tayar da inji. Ta rufe ido ta ja numfashi.

"Baba, wa ya san ka cire kafiretar, ya kuma san ba za ka kwana gida ba?"

"'Yan teburinmu na Asabar, a gidan shan kofi. Ni, da Duane, da Gaylord Sather. Gaylord kam cire shi. Shekara talatin da biyar muna tare. Duk Lahadi yana nan muna aikinta."

Ta sami Duane Pickerel a ma'aunin hatsi na garin, inda yake auna motocin manoma. Ƙaton mutum ne mai dariya da ƙarfi, kuma shi nasa sha'awar daban ce: injin babur yake ɗora wa tsofaffin tarakta ya shiga gasar jan nauyi da su. Shi ya sa Orville yake kiransa mahauci.

"Ni ya ce?" Duane ya yi dariya har da tari. "Me zan yi da wannan tsohuwar akuyar? Jikata na tafiya da ƙafa ma ta fi ta sauri."

"An ce ka taɓa tayawa."

"Don in ba shi haushi. Kuma ya ji."

"Jiya da ƙarfe biyu kana ina?"

"Nan. Lokacin kaka ne, yarinya, ko fitsari da ƙyar nake zuwa." Ya turo mata takardun awo na ranar Talata. Kowace da lokacinta da sa hannunsa, daga bakwai na safe har shida na yamma, ba tazarar da ta wuce minti goma sha biyu. Gidan Orville tafiyar minti ashirin ne.

"Idan mutum ya zo da wata kafiretar ya ɗaura, za ta tashi?"

"Idan ya same ta. An daina yinta tun kafin a haife ki. Je ki tambayi Gaylord, shi ne likitan irin injin nan. Ai yana da 'yar'uwarta." Ya juya ga wata mota da ta hau ma'auni, sannan ya ƙara da cewa, "Ko ki tambayi mutumin Texas ɗin. Ran Asabar tsohon ya ce mana da an gama bajekoli zai sayar masa."

Orville bai gaya mata wannan ba. Da ta kira shi ta tambayi dalili, cewa ya yi ba ta tambaya ba.

Mutumin Texas ya ci mata yammacin Laraba gaba ɗaya. Sai kira na biyar ya ɗauka, ya yi mata rabin awa yana lissafa taraktocinsa arba'in da ɗaya, daga ƙarshe ta gano yana kwance a gida da sabuwar gwiwar roba, ko bene ba ya iya sauka. Ta kira masu sayar da tsofaffin ƙarafa shida, ba wanda aka kai wa komai. Da safiyar Alhamis maigidanta a ofis ya leƙo ya ce yana da hatsarin mota biyu da ɓatan shanu, ita kuma tana bin tsohon injin yankan ciyawa. Orville kuwa ya kira sau bakwai kafin ƙarfe tara, kullum tambaya ɗaya: an kama Duane?

Ƙarfe goma ta isa gidan Gaylord Sather. Siririn dattijo ne mai shekara saba'in da ɗaya, yana ɗingishi da ƙafar hagu, ya yi ritaya daga gyaran injinan gona. Ya karɓe ta a garejinsa da fara'a, ya zuba mata kofi, ya yanko mata kek ɗin tuffa.

"Abin tausayi," ya ce. "Baƙi ne, 'yata. Suna yawo da tirela gari-gari in bajekoli ya matso. Kada ki wahalar da kanki, yanzu haka ta tsallaka jiha biyu."

"An ce kana da irinta."

"Ga ta can." Ya nuna kusurwa, inda aka lulluɓe wata tarakta da tamfol. "Inji ɗaya ne, shekara ɗaya ce tsakaninsu. Tawa dai ba ta da kyan gani."

"Za ka tayar min da ita? So nake in ɗauki ƙarar a waya in kunna wa Ione, in tabbatar abin da ta ji ke nan."

"Da na yi miki. Batirinta ne ya mutu, sai na sayo wani."

Marlys ta kurɓi kofi. Ta dubi teburin aikinsa. Komai a jere yake, sifanu bisa girmansu, notuna cikin kwalabe. A gefe akwai kwalin hatsin karin kumallo da aka buɗe aka shimfiɗa, an yanke wani abu daga tsakiyarsa. Ta ajiye kofin.

"Baba Gaylord, ɗage tamfol ɗin."

"Na ce miki batir—"

"Ba ta da batir. Igiya ake ja. Kai ka ce inji ɗaya ne."

Ya tsaya da butar kofi a hannu. Ta taka da kanta ta ɗage. A gefen injin, inda kafireta ya kamata ta zauna, notuna biyu ne tsirara da rami baƙi, bututun mai yana reto an toshe bakinsa da ƙusa.

"Tana wajen gyara," ya ce a hankali.

"Wajen wa? Duk gundumar nan wajenka ake kawowa." Ta fito da ledar ta zube guntayen kwalin a kan teburin, ta jera su a bakin inda aka yanke. Launin ya haɗu, har rubutun ya karantu. "Bari in gaya maka yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara min. Taraktar Baba Orville ba turawa aka yi ba, tuƙawa aka yi, alhali kafiretarta na cikin gwangwani a kicin. Ke nan wanda ya zo ya san an cire, ya zo da wata a hannu. Mutum biyu suka sani. Ɗaya yana kan ma'auni har shida. Ɗayan shi kaɗai ke da irinta. Ƙarti da sun tura ta sun huta. Mai ciwon ƙafa, shi kaɗai, a gangare mai taɓo, dole ya tayar da inji. Ka isa can ka ga kana buƙatar abin da ake sakawa tsakanin kafireta da inji don kada ya yi yoyo, sai ka yanka daga kwalin da ke motarka. Kwaɗon kuma ka yanke shi ne don a ce baƙi ne. Na tabbata ka san inda yake ɓoye makullin rumfar."

Gaylord ya ajiye butar ya zauna a kan wani akwati.

"Ƙarƙashin tukunyar fure," ya ce. "Taraktar nan ta mahaifina ce. A kanta na koyi tuƙi ina ɗan shekara tara. Da ya rasu yayana ya sa ta a gwanjo ina asibiti, Orville ya saya. Na ce ba komai, tana hannun aboki. Shekara huɗu, duk Lahadi. Injin nan ni na warware shi na haɗa. Shi fenti ya yi. Sai ran Asabar, yana tauna burodi, ya ce Texas za ta."

"Tana ina?"

"Tsohon rumbun masara, gonar mahaifina."

Ta sa shi a kujerar baya, ta kira Orville ya same su can da tirelar gunduma a biye.

Taraktar na cikin rumbun, an goge taɓon tayoyinta tas, an rufa mata bargo. Orville ya zagaya ta sau biyu yana duba fenti kafin ya lura da wanda ke zaune a bayan motar 'yan sanda. Ya dubi Marlys, ya sake duban motar.

"Ina Duane?"

"Duane yana wajen aikinsa, Baba."

Ya taka zuwa tagar motar.

"Kai? Kai da kake cin abinci a gidana?"

"Da ka sayar min, Orville."

"Ai ba ka taɓa tambaya ba."

"Sau biyu na tambaya. Na farko ka ce in miƙo maka sifana. Na biyu ka ce ko na ga yadda jan ya fito a rana."

Orville ya juya wajen Marlys ya ce a ɗora masa kayansa, shi zai wuce gida, Asabar ta kusa.

"Ba gida za ta ba. Shaida ce yanzu, tana hannunmu har a gama shari'a."

"Bajekoli jibi ne."

"Na sani."

"To na janye ƙarar. Na ce na janye."

"An fasa rumfa, an yanke kwaɗo, rahoto ya riga ya tafi. Ka je ka gaya wa mai gabatar da ƙara, wataƙila ya saurare ka. Ba kafin Asabar ba dai."

Ya cire hularsa ya buga a cinya. Direban tirelar ya ce shi ba zai iya tura ta kan katako shi kaɗai ba, sai an tayar. Orville ya naɗa igiya ya fizga. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake. Ya sake. A karo na bakwai gumi ya jiƙa masa riga, yana haki, yana zagin injin ƙasa-ƙasa.

"Rage mata iska rabi," in ji Gaylord daga cikin mota. "Kafiretar tawa ce, ba ta son a shaƙe ta duka."

Orville ya yi kamar bai ji ba. Ya fizga sau uku kuma, ba komai. Ya tsaya dafe da ƙugu, bayansa ga motar. Can ya kai hannu ya taɓa ɗan ƙarfen rage iskar, ya naɗa igiya, ya ja sau ɗaya. Ta tashi.

Ya hau ya tuƙa ta kan tirelar, ya kashe, ya sauko. Bai dubi motar ba. Ya kama hanyar a-kori-kurarsa, sai da ya buɗe ƙofa sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ki tsaya gidansa ya ɗauki maganin hawan jininsa. Ƙarfe huɗu yake sha."

Marlys ta rubuta a littafinta, ta shiga mota ta ja.