Karen Gideon da Kaskon Tanimu

A shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, Gideon mai bandar kifi a Wara ya dawo daga jana'izar yayarsa, ya tarar kwandunan kifinsa sun ragu. Tsohon karensa, Baƙi, yana kwance a ƙofar gida, ido ya faɗa, ko wutsiya ba ya ɗagawa.

Enoch, ƙanensa da ya bar wa gida, ya ce maƙwabcinsu Tanimu ne ya ba karen guba, ya kwashe kifi. Kowa ya san Tanimu ya sha zagin karen nan kan lasar masa butar alwala. Kafin la'asar mutane sun taru za su rushe masa danga, ba wanda ya ce a tsaya a tambaya. Sajan Lawali ya kore su, ya kai karen Yelwa.

Likitan dabbobi ya ja fatar wuyan Baƙi, ta tsaya ba ta koma ba. Ya taɓa dasashi, a bushe. Ya auna jini.

"Jini ya yi kauri, dattin da ƙoda ke tacewa ya hau," in ji shi. "Guba na yin haka. Ƙishirwa ma na yi, balle ga tsoho. Mu ƙara masa ruwa mu sake aunawa."

Aka sake, awo ya sauko. Ku ji abin kunya: a bakin tafkin Kainji ƙishirwa ta kusa kashe dabba.

Sajan ya koma wurin Tanimu.

"Malam, ka tsani wanga kare?"

"Ranka shi daɗe, butata nike so ya bari. Shi ya sa na aje mai kasko bayan danga, kullum ina zuba ruwa. Tun da Gideon ya yi tafiya bai zo ya sha ba."

Sajan ya duba, kasko cike. Ya tuna shatin igiya da ya gani a wuyan karen. A bayan tandun bandar Gideon, inda zafi ke gasa mutum, ya sami turke da ƙasar da farce ya tone. Ya kira Enoch gaban yayansa.

"Wa ke iya ɗaure Baƙi bai cije shi ba?"

"Mu na gida," in ji Enoch.

"In an fita da kifi zuwa bakin ruwa, wa ke bin kwando?"

Gideon ne ya amsa: "Baƙi. Da shi fatake ke gane kayana."

Sajan ya nuna Enoch, ya ce wa Gideon, "To, ga ɓarawonka. Ya ɗaure kare don kada a gane kifin wane ne, ya tafi sayarwa ya shantake, ko ruwa bai bar masa ba. Da ya dawo ya ga aika-aikarsa, sai ya rataya wa maƙwabci."

Gideon bai ko dubi ƙanensa ba. Ya taka har ƙofar Tanimu, ya cire hula.

Tanimu ya ce, "Bar wannan. In ya warke, kaskonsa na nan. Ka dai gaya mai ya bar mini buta."