Ramammen Ɗan Malamar Abinci

Tsufa ya sace mini wani sashe na labarin nan. Na manta shekarar, na manta ma wanda ya fara ba ni shi. Abin da ya rage dai ga shi.

Malama tana koyar da kimiyyar abinci a jami'a, bincikenta kuwa a kan yara masu rama ne. Sai Allah ya ba ta ɗa kamar tsinke, kullum cikin gudawa. Mijinta bakanike ne. Auren soyayya suka yi, tun tana ɗaliba yake tsokanarta da suna Farfesa.

Wata safiya uwar mijin ta shigo falo da kofin madara, ta ɗaga hannun jikanta ta saki.

"Oh ni! Ana can ana koya wa duniya cin abinci, ga na gida iska za ta ɗauke! Kullum lakca, kullum ɗakin gwaji. Ki ajiye aikin nan, ko ɗana ya ajiye ki!"

"Inna, aiki kam ba zan ajiye ba. Madara ce cikinsa ba ya karɓa, an gwada an tabbatar. Na hana, amma ina fita kike ɗura masa."

"Madara? Da ita na raini ubansa! Kai, kana tsaye matarka take cewa ni ke kashe jikana?"

Bakanike ya yi ta murza tsumman hannunsa. Malama ta dube shi, hawaye na zuba, amma muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"In takardata za ka rubuta, ga biro. Amma ina raye kofin nan ba zai taɓa bakin yarona ba!"

Sai bakanike ya durƙusa gaban uwarsa, ya karɓi kofin da hannu biyu, ya shanye tas.

"Inna, ni kika raina da ita, ni zan ci gaba da sha. Shi kuma a bar wa Farfesa."

Inna ta fice tana tafa hannu, wai an shanye mata ɗa. Watanni ba ta amsa gaisuwarsu. Malama ba ta fasa zuwa gaishe ta ba, ba ta kuma fasa zuwa aji ba. Gudawa ta tsaya, yaro ya yi kumatu.

Ran nan Inna ta ja kumatun, ta kawar da kai.

"Jinin gidanmu ne. Dama mu a hankali muke ƙiba."

"Haka ne, Inna," in ji Malama.

Yara, haƙuri ba shi ne sunkuyar da kai ga kuskure ba. Ka riƙe gaskiyarka, ka bar wa babba girmansa.

Abu ɗaya na bincika daga baya, bakaniken da kansa ya tabbatar mini: ranar da Malama ta gabatar da lakcarta ta zama farfesa, Inna ce a kujerar gaba. Ta yi barci tun daga farko, amma ta fi kowa tafi.