Sakaina Mai Rumfa

An yi wata yarinya, tun lokacin da kwamfuta ɗaya ce tak a makaranta. Malam ya ce kowa ya zana mazubin hatsin tsuntsaye a kwamfutar, wanda nasa ya fi kyau yana da kyauta.

Yara suka zana benaye. Ita kuwa sakaina ta zana, da 'yar rumfa a kai.

Malam ya ce, "Goge rumfar nan, ta ɓata zanen."

Ta kai hannu, ta janye. Ta sake kaiwa, ta janye.

Ta ce, "Malam, haka marigayiya kakata take yi, don kada shaho ya hango tsuntsayen."

Kyauta ta wuce ta. Amma da aka ƙera mazuban aka rataye, a nata kaɗai kurciyoyi suke ci har su yi gyangyaɗi.