Wutar Matakalar Remy

Da yammacin wata Lahadi ta watan Yuni aka kira Sufeto Lucien Arceneaux, aka ce wani bene ya kama da wuta a tsohuwar unguwar New Orleans. Mashayar Remy ce, inda maza masu son maza ke haɗuwa su sha giya, su rera waƙa a gindin fiyano.

Kafin ya isa an kashe wutar. Gawawwaki na jingine da ƙarafan taga. A gindin matakala, wadda ita kaɗai ce mafita, ya tsinci galan na kananzir.

"'Yan luwaɗi ne fa, yallaɓai," in ji wani kofur yana dariya. "Wa zai bi kadinsu?"

"Rufe min baki."

A asibiti ya sami Emmett Broussard, malamin makaranta da ke kaɗa musu fiyano, hannuwansa naɗe da bandeji.

"Wa ka gani ya hau benen?"

"Ni wucewa kawai nake yi."

"Wucewa? A hawa na biyu?"

Emmett ya juya fuska bango. "Sufeto, in sunana ya fito a jarida, aikina ya ƙare."

Duk waɗanda suka tsira haka suka ce: ba su ga kowa ba. Wasu iyalan ma sun ƙi karɓar gawa. Cikinsu har da Clovis Guidry, mai gyaran jiragen ruwa, wanda ɗansa Desmond ya mutu a ciki. Ta bayan ƙofa ya amsa wa sufeton.

"Ba ni da ɗa a irin wannan wurin."

Bincike ya cije. Manyan ofis suka ce a rufe, Arceneaux ya ƙi.

Da shekara ta zagayo, waɗanda suka tsira suka taru da rana a gaban ƙonannen benen don tunawa da mamatansu. Arceneaux ya tsaya daga baya, hula a hannu. Emmett ne ke kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Desmond, sai ya dakata. Idonsa na kan wani dattijo a tsallaken titi, sanye da safar hannu a cikin wannan zafi.

Emmett ya ratsa mutane ya zo wurin sufeton.

"Ƙarya na yi maka. Wancan mutumin ya hau sama ranar, ya ce Desmond ya biyo shi gida. Desmond ya ƙi. Sai mutumin ya ce, 'Za ka sauko ko ba ka so.'"

"Za ka maimaita a kotu?"

"Da cikakken sunana. Desmond masoyina ne, Sufeto. Na gaji da musun shi."

Arceneaux ya tsallaka titi. Muryar da ya ji ta bayan ƙofa ce ta amsa gaisuwarsa.

"Mista Guidry, cire safar nan."

"Sanyin ƙashi gare ni."

"Cire."

Dattijon ya zare su a hankali. Fatar hannun duk ta tattare da tabon ƙuna.

"Hayaƙi kawai na so ya tashi," ya ce. "Su firgita, su fito titi, Desmond ya ji kunya ya dawo gida. Ashana ɗaya, sai wutar ta hau sama kamar ana jan ta. Na tsaya a kwanar titi ina duba fuskar duk wanda aka fito da shi. Har aka daina fitowa."

Arceneaux ya sa masa ankwa, ya kama hannunsa zuwa mota. Da suka zo daidai taron, dattijon ya ja ya tsaya.

"Ina aka binne shi?"

Emmett ne ya amsa.

"Kusa da mahaifiyata. Mu muka ɗauke shi."

Motar ta tashi. Emmett ya share fuska da bayan hannu, ya koma gaban benen, ya kira sunan Desmond Guidry da ƙarfi, sannan ya ci gaba da sauran.