Zaren Kurkum a Wuyan Uwa

Rana ta take tsaka lokacin da Kofur Palani ya bugo wa Sufeto Vasuki waya.

"Ranki ya daɗe, ki taho tsohon haikalin Sembanur yanzu-yanzu. An sace talin Uwa. Jama'a sun damƙe wani baƙo, in kika yi jinkiri gawarsa za ki tarar."

Tali ita ce sarƙar auren da miji ke ɗaura wa matarsa, ba ta barin wuya sai ranar da ya mutu. Ta gunkin Uwa kuwa, abar bautar garin, ta zinariya ce, tun zamanin sarakunan da suka sassaƙa haikalin. Mutanen Sembanur ka ci musu iyakar gona su haƙura, amma taɓa Uwa? Ai sai dai wani, ba kai ba.

Ta tarar da ƙofar haikalin ba masaka tsinke. Palani ya yi dabara, ya tura baƙon da matarsa cikin ɗakin ajiye takalma ya datse, ya tsaya a bakin ƙofa shi da kurtu ɗaya tal. Ta nemi ƙarin 'yan sanda, aka ce suna wancan ƙetaren kogi, sai dai ta yi haƙuri.

Ta kutsa ta shiga ɗakin. Baƙon na zaune cikin tarin takalma, goshinsa na jini. Matar, mai tsohon ciki, tana danne ciwon da bakin zanenta.

"Sunanka?"

"Birju Mahato. Daga arewa muke, a masaƙa nake aiki. Wannan matata ce, Pulmani." Yaren garin bai zauna a bakinsa ba, kalma-kalma yake tsinta.

"Me ya kawo ku?"

"An ce Uwa tana sauƙaƙa haihuwa. Mun zo mu gan ta."

"An ce ka tsallake igiya ka nufi ɗakin ciki."

"An ja labule, ba ma ganin komai. Na matsa in leƙa. Ban san ba a yi ba, ranki ya daɗe. Sai limamin haikalin ya fito yana ihu."

Palani ya leƙo. "Na caje su har cikin kwanon abinci, babu komai. Amma jama'a cewa suke ya haɗiye."

Dutse ya daki kwanon rufin, Pulmani ta ƙanƙame mijinta. Vasuki ta tsorata ƙwarai, sai dai ba ta bari fuskarta ta nuna ba. Sakatar ƙofar nan ko akuya ta dage sai ta ɓalle ta.

Ta tuɓe takalmanta ta bi dogon zauren duwatsu har bakin ɗakin Uwa, inda ba mai shiga sai liman. Limamin, Sundaresan, wanda kowa ke kira Sami, dattijo ne siriri, ƙirji a buɗe, gashinsa a tufke a ƙeya. Tun kakanninsa gidansu ke wa Uwa hidima.

"Sami, yaushe ka ga babu tali?"

"Da na gama yi mata wankan rana. Na fita ɗauko fitila, na dawo na ga wancan mutumin a bakin labule. Na duba, wayam."

"Ɗaga mini furannin wuyanta in gani."

Ya shafa tufkar gashinsa, sannan ya shiga ya ɗaga. A hasken fitilar mai, Vasuki ta hango zare rawaya a wuyan Uwa, da 'yar saiwar kurkum a tsakiya, an yi masa ƙulli uku tsaf.

Ta san wannan zaren. Duk macen ƙasar nan in za ta kai talinta gyara, sai ta fara ɗaura shi kafin ta cire, don kada wuyanta ya zauna tsirara ko na ƙiftawar ido. Ita kanta ta taɓa yi, kafin motar itace ta take mijinta. Hannunta ya kai wuyanta, inda babu komai.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni. Da na ga abin da ya faru, ai ba zan bar ta haka ba."

"Kana ihun ɓarawo, kana ƙulla zare?"

"Aikina ke nan, 'yata."

A waje ihun ya ƙaru. Ta fita ta ƙofar gefe, wajen masu sayar da kwakwa da furanni. Mutum ɗaya ke sayar da zaren kurkum a layin, tsohuwa Sellamma, wadda bakinta ba ya hutawa da taunar ganye.

"Kaka, wa ya sayi zare wurinki yau?"

"Ke da ba kya gaishe ni sai da kaki a jikinki? Yau kasuwa ta mutu, 'yar nan. Mutum ɗaya ne, Sami."

"Da rana?"

"Wace rana! Da sassafe, ban ma gama shimfiɗa buhu ba, ko ƙofar haikali bai buɗe ba. Ya tsaya yana zaɓen saiwa kamar mai zaɓen amarya. Na ce, Sami, ko budurwar zuciya ce, za a ƙara aure? Bai ko yi murmushi ba."

Vasuki ta juya da sauri, ta ci karo da Nallakannu, shugaban kwamitin haikali, yana sharce gumi da tawul.

"Sufeto, ki taimake ni! Jibi maƙera za su zo karɓar tsofaffin kayan adon Uwa, a narke su a ƙera sababbi. Wani attajiri har ya ba da sabuwar tali. Me zan ce musu?"

"Har da tsohuwar talin za a narke?"

"Har da ita. Ta suɗe, ta lanƙwashe."

"Sami ya yarda?"

"Ina fa! Kuka ya yi a taro, dattijo da shi. Amma an rinjaye shi."

Sai ga ƙarar katako ya tsage. Palani ya ƙwala mata kira. Samari sun samo gungumen da ake tokare keken bikin Uwa da shi, suna dukan ƙofar ɗakin takalma.

Vasuki ta ruga ciki, ta kamo hannun liman ta jawo shi har kan matakalar ƙofa. Ba a taɓa ganin mace ta riƙe hannun Sami ba, mamaki ya sa aka sauke gungumen.

Ta ɗaga murya. "Mata, ku nake tambaya! Ɓarawon da ya fizge sarƙa zai tsaya ɗaura zaren kurkum? Ku dubi matar baƙon nan, jan garin da ke tsagar kanta shi ne alamar aurensu, a garinsu ba su ma san zaren ba."

Wata ta ce, "Ai Sami ya ce shi ya ɗaura bayan an sace."

"Da rana aka yi satar. Kaka Sellamma, yaushe ya sayi zaren?"

"Da sassafe!" in ji tsohuwa daga baya. "Na rantse da Uwa."

Hannun liman ya sake tafiya ƙeyarsa.

"Sami, kwance gashinka."

Ya dube ta, ya dubi jama'a. A hankali ya warware tufkar. Tali ta zamo, ya tare ta da hannu biyu tun ba ta kai ƙasa ba, ya kai ta goshinsa.

"Wuta za su sa mata," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Kakana ya riƙe ta, ubana ya riƙe ta. Na ce in ɓoye har maƙeran su tafi. Da na ga baƙon a bakin labule, sai bakina ya riga ni. Na zaci za su ɗan mare shi su sake shi. Ni ba ɓarawo ba ne, 'yata. Kin gani, ban bar wuyan Uwa tsirara ba ko na numfashi ɗaya."

Palani ya buɗe abin da ya rage na ƙofar. Pulmani ta fito tana tallafe da mijinta, jininsa ya ɓata mata gaban zane. Jama'a suka dare, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

Vasuki ta nuna ta. "Ka ji tsoron mayar da Uwa gwauruwa, Sami. Wannan fa? Kana ciki kana jin ana fasa ƙofa, ka yi shiru."

Vasuki ta karɓi talin ta naɗe a hankici, Palani ya sa masa ankwa ya nufi mota da shi, ƙafarsa ba takalmi.

Pulmani ta taɓa hannun Vasuki, ta yi magana a hankali da yarensu. Birju ya fassara, kansa a sunkuye.

"Wai tana tambaya, ko yanzu za a bari mu ga Uwa?"

Vasuki ta waiwaya. Labulen na nan a ja, mai buɗe shi kuma yana bayan mota.